Da Wane Mudu Muke Auna Magana A Zango?

'Yan uwa mazauna Kotobabi, Nima, Mamobi, Sabon Zango, Fadama da sauran zangunan birnin Accra, wanda kakanninmu suke kira Ankara.

Akwai wani abu da yake faruwa a tarukanmu, wanda saboda yawan aukuwarsa har ya zame mana jiki. A ce damina ta gabato, an kira taron unguwa a kan kwatar da take ambaliya cikin gidaje kowace shekara. An kafa rumfa, an jera kujeru, an haɗa lasifika. Masu rawani suna sahun gaba, alhazai suna biye, matasa suna tsaye a baya, mata kuwa suna can gefe inda sauti yake isa da ƙyar. Bayan addu'a sai a shiga gaisuwa, kowane mai magana sai ya jero laƙabin manya ɗaya bayan ɗaya, har rana ta take. Can wajen ƙarshe wani saurayi magini, wanda bai fi shekara uku da tarewa a unguwar ba, ya ɗaga hannu ya ce: "Ranku ya daɗe, iyayena, a yi mini afuwa. Yashe kwatar nan kaɗai ba zai wadatar ba. Akwai inda aka yi gini ya matse bakinta, daga nan ne ruwan yake komowa baya." Sai wani daga gaba ya waiwaya ya tambayi na kusa da shi: "Ɗan wane ne wannan? Yaushe ya zo?" Shi ke nan, magana ta mutu. Jim kaɗan wani Alhaji, wanda ya riga ya tashi sau huɗu, ya sake karɓar abin magana ya maimaita abin da yaron ya faɗa da wasu kalmomi, sai wuri ya ɗauki kabbara. In an yi sa'a ke nan. Sau da yawa babu mai maimaitawa, sai ruwan watan Yuni ya zo ya maimaita da kansa.

Wanda ya taɓa zama a irin wannan taro ya san ba ƙage muka yi ba. Kafin mu saurari abin da mutum zai faɗa, mun riga mun yi masa ƙidaya a zuci. Muna ƙirga laƙabin da yake gaban sunansa, da shekarun da gidansu ya yi a unguwa. Muna ƙirga sau nawa ya je Makka, da sidi nawa aka sanar ya bayar a wurin suna ko maulidi. Muna kuma ƙirga sau nawa muka saba jin muryarsa a taro. Idan lissafin ya yi nauyi, sai mu buɗe kunne tun bai buɗe baki ba. Idan bai yi nauyi ba, ko da zinariya ce za ta fito daga bakinsa, mun riga mun juya muna hira da na kusa. A kasuwar Nima babu macen da za ta yarda a auna mata masara da olonka mai lotsattsen gindi, amma a majalisa mun yarda ana auna mana gaskiya da mudun da ba a yi shi don ita ba.

Adalci ne mu fara da faɗin inda matsayi ya samo asali, don kada a ɗauka raini ne ya sa mu wannan rubutu. Ita kanta kalmar zango ma'anarta masaukin fatake. Kakanninmu da suke tasowa daga Kano da Katsina zuwa Gwanja neman goro, suna watanni a hanya kafin su isa Salaga, ba su tafiya kara zube. Ayari yana da madugu mai yanke shawara da sasantawa da sarakunan hanya a kan kuɗin fito. Yana da jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya da masauki, da uban dawaki, da malamin ayari mai riƙe lissafi da addu'a. A masauki kuma akwai maigida, wanda yake sauke baƙo, ya adana masa kaya, ya tsaya masa a ciniki, in an cuce shi ya bi masa haƙƙi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sunaye aiki ne, kuma aikin da ake ganin sakamakonsa nan take. Madugun da ya kai mutane bakin 'yan fashi, baɗi babu mai binsa, ko da rawaninsa ya kai girman kwando.

Da wannan tsari aka kafa zangunan Accra. Malam Na'ino ya zo daga Katsina a ƙarni na 19, ya zama jigon Hausawan garin. Ɗansa Malam Bako ya jagoranci jama'arsa suka kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, bayan saɓani a kan shugabanci ya yi tsanani a tsohon zango. Malam Amadu Futa ya buɗe Nima a farkon shekarun 1930. Baƙon da ya sauka a ƙasar da ba ya jin harshenta yana bukatar wanda zai shige masa gaba wurin masu ƙasa da wurin hukuma, ya ba shi wurin kwana, ya ɗaura masa aure, in ya rasu ya sallace shi. Sarkin zango, da limami, da magajiya, da sarkin fawa, da sarkin samari, duk don wannan bukata aka yi su. Har yau kuma, a ranar da aka kama yaro ko rigima ta tashi tsakanin gidaje biyu, ƙofarsu muke bugawa da tsakar dare, su kuma su fito. Wanda ya ce a rushe wannan gini bai san darajar inuwar da yake zaune a ciki ba.

Inda gizo yake saƙa shi ne lokacin da alama ta rabu da aikin da take nunawa. Laƙabi da yawan fitowa a taro abubuwa ne masu sauƙin ƙirgawa, hikima da riƙon amana kuwa sai an zauna da mutum an daɗe. Ɗan Adam kuma mai son sauƙi ne, don haka sai ya ɗauki abin da yake ƙirguwa ya mai da shi shaidar abin da ba ya ƙirguwa. Daga nan lissafin yake fara ciyar da kansa. Wanda ya fi yawan tashi a taro shi aka fi sani. Wanda aka fi sani shi ake gayyata gobe a ajiye masa kujerar gaba. Mai kujerar gaba shi ɗan siyasa yake gani in ya zo, shi yake karɓar lambar wayarsa. Wanda ɗan siyasa yake kira, shi ake ganin ya cancanci rawani. Da rawani ya hau kai kuma, sai lokacin maganarsa ya ninku. A duk tsawon wannan zagaye babu gaɓar da aka tsaya aka tambaya: cikin shawarwarin da ya bayar bara da bara waccan, wacce ce ta haifar da alheri?

A ɗaya gefen kuma akwai zagayen shiru. Malamar makaranta da ta ɗaga hannu sau biyu ba a kula ta ba, a karo na uku ba za ta zo ba. Ma'aikacin jinya da yake ganin irin cututtukan da suke kwantar da yaran unguwa, in aka ce masa yaro ne, sai ya koma wurin aikinsa ya ja bakinsa. Matar da take dama koko tun kafin asuba a bakin kwata, wadda ta fi kowa sanin wanda yake zuba shara a cikinta da lokacin da yake zubawa, babu wanda ya taɓa tunanin tambayarta. Bayan shekaru sai mu duba mu ce ai waɗannan ba su damu da al'amuran jama'a ba, ga shi ba a taɓa jin muryarsu ba. Mu ne muka rufe musu ƙofa, sa'an nan muka rubuta musu laifin rashin shigowa. Matasa da yawa ma sun kwashe hankalinsu sun koma majalisun da muke kira bes, inda ake shan ataya ana muhawara har dare. Abin takaici, can ma sun kafa irin tsaninmu, da shugaba da manya da 'yan aike, mai ƙarar murya yana danne mai tunani.

Wannan ciwo ba yau ya fara ba. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya zauna a Salaga, daga baya ya koma Kete-Krachi inda ya rasu a 1934, ya bar mana Waƙar Talauci da Wadata. A cikinta ya bayyana yadda jama'a suke wulaƙanta matalauci a taro, suke girmama mawadaci, suna auna mutum da abin hannunsa. A wannan ƙasa tamu ya rayu, da Hausarmu ya rubuta, kuma mutanen da ya zana kakanninmu ne. Hausawa ma da suka ce yaro da kuɗi abokin tafiyar manya, shaida suka bayar a kan halinmu.

Idan muka koma ga addininmu, za mu tarar bai bar mu cikin duhu ba a kan wannan. Malaman hadisi sun ƙirga wa Abu Huraira, Allah Ya ƙara masa yarda, hadisi 5,374, suka ƙirga wa Sayyidina Abubakar 142 kacal. Kowannensu yana da falalarsa, amma babu malamin Sunna da ya taɓa cewa yawan ruwaya ya ɗaga wani sama da Abubakar. A shekara ta 5 bayan Hijira, lokacin da rundunonin ƙabilu suka nufo Madina, shawarar haƙa ganuwa ta fito ne daga Salmanu, mutumin Farisa wanda ba shi da dangi a garin, aka kuma karɓa. Sayyidina Umar yana zaunar da Abdullahi ɗan Abbas, yana matashi, cikin dattawan da suka halarci Badar, saboda fahimtarsa ga Alƙur'ani. Imamu Malik, wanda muke bin mazhabarsa a mafi yawan masallatanmu, ya shahara da cewa bai sani ba idan aka tambaye shi abin da bai tabbatar ba, kuma wannan bai rage masa komai ba a idon duniya. Suratut Takasur, wadda yaranmu suke haddacewa tun suna ƙanana a makarantar allo, gargaɗi ce a kan gasar yawa. Muna karanta ta a salla, mu fito ƙofar masallaci mu ci gaba da ƙidaya.

Akwai kuma darasi daga tarihinmu na kusa, wanda ya kamata ya sa mu fi kowa jin nauyin tambayar "yaushe ya zo?" A ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta fitar da dokar da ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su bar Ghana. Dattawanmu suna tuna yadda zanguna suka yi kufai, yadda aka sayar da gidaje da kaya a wulaƙance, yadda motoci suka kwashi mutanen da wasunsu a nan aka haife su. A ranar babu wanda aka tambaya sarautarsa ko yawan hajjinsa. An ɗora mu a kan mudun asali da zuwa, aka ce ba mu cika ba. Har gobe wasunmu suna shan tambayoyi a kan kakanninsu idan suka je neman takardun ƙasa, saboda sunansu ko harshensu. Al'ummar da ta ɗanɗani wannan, ina dalilinta na juyawa ta yi wa wanda ya sauka jiya daga Bawku ko Tamale ko Yamai irin abin da aka yi mata? Kowane gida mai tinƙaho da daɗewa a Nima, akwai ranar da kakansa ya iso da buhu ɗaya a ka, wani ya ce masa sannu da zuwa.

Kada a ɗauka maganar kujera ce kawai da wanda ya riga wani magana. A daren 3 ga Yuni 2015 ambaliya ta haɗu da gobara a gidan mai da yake Kwame Nkrumah Circle, mutane fiye da 150 suka rasa rayukansu. Babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Mamobi tana gangarawa ne zuwa Odaw, can wajen da abin ya faru. Abin da muke zubawa a kwata, da inda muke yarda a yi gini, da wanda muke saurara a kan waɗannan, magana ce ta rai da mutuwa. Haka nan a 2017 aka kafa asusun raya zanguna da doka, aka kuma buɗe ma'aikata ta musamman a kan haka. Ko mutum yana goyon bayan wace jam'iyya, tambayar da ta rage tamu ce: idan hukuma ta zo tana tambayar abin da zango yake bukata, wa muke turawa ya amsa, kuma daga bakin wa ya tattaro amsar? Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kusan kashi 20 cikin 100 ne na mutanen Ghana, Hausawa kuwa ɗan yanki ne a cikin wannan kason. Unguwanninmu ma a rarrabe suke a mazaɓu: Nima a Ayawaso ta Gabas, Mamobi a ta Arewa, Kotobabi a ta Tsakiya. Masu rinjaye suna iya ɓarnatar da shawara goma su sami ta goma sha ɗaya. Mu 'yan tsiraru ba a cika buɗe mana ƙofa ba, don haka ranar da aka buɗe, asara ce babba mu shiga da mafi ƙarar muryarmu mu bar mafi saninmu a waje.

Mun san abin da wasu iyayenmu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Za su ce ladabi shi ne ɗan abin da ya rage mana a wannan birni mai haɗiye al'adu, idan aka bar kowane yaro ya tashi ya ƙalubalanci dattijo, gobe babu mai iya tsawatar wa kowa. Gaskiya ne, shekaru suna koyar da abin da makaranta ba ta koyarwa. Dattijon da ya sasanta aure hamsin ya san zuciyar mutane fiye da mai digiri, kuma a kan irin wannan shi ya kamata a fara ji. Sai dai Hausawan da suka yi wancan karin magana su ne kuma suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dattijo ya fi magini sanin mutane, magini ya fi dattijo sanin inda ruwa yake bi. Girmamawa haƙƙin mutum ne, ana ba shi ita a gaisuwa da wurin zama da sassauta murya. Gaskiyar magana kuwa ana gane ta ne da hujja. Saurayin da muka ambata a farko ya rusuna, ya nemi afuwa, ya kira su iyayensa. Bai tauye wa kowa girma ba. Mu ne muka tauye wa kanmu amfani.

Muna ma da abin koyi a gabanmu. Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka haifa a 1919, ya zama Babban Limamin Ƙasa a 1993. Duk wanda ya taɓa zama a gabansa ya san mutum ne mai ƙarancin magana da sanyin murya. A 2012, da rikici ya ɓarke a Hohoe tsakanin mutanen zango da masu gari, ya taka da kansa ya je ya kwantar da hankula. A 2019, yana cika shekara 100, ya halarci cocin Christ the King a ranar Ista, labarin ya zaga duniya. Abin da ya sa Kirista da Musulmi suke miƙewa idan ya shigo, ayyuka ne irin waɗannan da aka gani da ido shekara da shekaru. A ƙasar Hausa kuma, Nana Asma'u 'yar Shehu Usman Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa mata jajis ta ba su malfa, su shiga ƙauyuka suna karantar da 'yan uwansu mata. Malfar alama ce ta matsayi, amma a kan wadda ta koya kuma za ta koyar ake ɗora ta. Irin wannan matsayi muke so ya yawaita a cikinmu.

Gyaran ba ya bukatar kuɗi ko izinin hukuma. Idan taro a kan wani aiki ne, shugaban taro ya fara kiran masu sana'ar da abin ya shafa, maza da mata, su faɗi abin da suka sani, sa'an nan manya su yanke hukunci a kan sani. A yi gaisuwar laƙabi sau ɗaya a buɗe taro a madadin kowa. Kada wanda ya yi magana ya sake tashi sai an zagaya ga waɗanda ba su yi ba. A kai abin magana ɓangaren mata, kada a bar magajiya ita kaɗai ta ɗauki muryar rabin unguwa. A sami marubuci ya riƙa rubuta kowace shawara da sunan wanda ya kawo ta, a karanta a taro na gaba, don a san wanda maganarsa take tabbata da wanda tasa take bin iska. A rage sanar da adadin gudummawa ta lasifika, domin mai sidi goma da ya bayar daga guminsa kada ya koma gida da kunya. Kafin a naɗa wa mutum rawani kuma, a faɗa wa jama'a aikin da rawanin zai ɗauka, bayan shekara a tambaye shi inda aka kwana.

Mafi wuya a cikin gyaran shi ne wanda yake cikin zukatanmu, mu masu zama a sahun tsakiya muna gyaɗa kai. Babu mai rawanin da ya tilasta mana kabbara, mu ne muke yi. Babu wanda ya hana mu cewa, cikin ladabi, "Baba, a bar yaron nan ya ƙarasa." Babba juji ne, in ji Hausawa, kuma dattijon kirki ba ya jin haushin a tuna masa da wanda aka manta a baya. Damina tana tafe, za a sake kafa rumfa a Kotobabi, wani baƙon fuska zai sake ɗaga hannu daga can baya. Idan muka ji tambayar "ɗan wane ne?" tana taso mana, mu haɗiye ta tukuna, mu fara tambayar abin da ya ce da kuma hujjarsa. Asalinsa ba zai gudu ba, ana iya tambaya bayan an tashi, a wurin shan shayi.

Allah Ya ƙara wa iyayenmu girma da lafiya, Ya ba matasanmu ladabi da ƙarfin zuciya, Ya sa mu zama masu sauraron magana su bi mafi kyawunta.